Waiwaye: yadda aka sassaƙa kujerar shugaban ƙasa mai cikakken iko

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka gabatar da ƙudirorin mayar da Najeriya tsarin firaminista, maganar ba ta kwanta ba. A rediyo da teburin mai shayi, wasu na cewa tsarin shugaban ƙasa ya yi mana tsada, wasu na cewa tsarin ba shi da laifi, mutanen ne. Daga nan sai hirar ta koma lissafin shugabanni: wane ya gina kaza, wane ya bar bashi. Abin da nake gani ana tsallakewa shi ne ita kanta kujerar da suka zauna a kai, da lokacin da aka sassaƙa ta, da ciwon da aka so ta warkar.

Farkon labarin kowa ya san shi. Mun karɓi mulkin kai a 1960 da tsari irin na Ingila. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne firaminista, Dakta Nnamdi Azikiwe kuma gwamna janar, daga 1963 shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka. Bayan zaɓen Disambar 1964, wanda wani ɓangare ya ƙaurace wa, an yi kwanaki ana jan igiya tsakanin shugaban ƙasa da firaminista a kan wanda zai kafa gwamnati, har sai da aka sasanta a farkon Janairun 1965. Sai juyin mulkin Janairun 1966, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Ranar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce 18 ga Oktoban 1975. A ranar ce Janar Murtala Muhammad, wata uku bai cika ba a kan mulki, ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftarin tsarin mulki a Legas. Mutum 50 aka naɗa, Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ɗauke masa, saura 49 a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. A jawabin ƙaddamarwar an shimfiɗa abin da majalisar ƙoli ta soja ke fata: shugaban ƙasa mai ikon zartarwa da mataimakinsa, waɗanda jama'a za su zaɓa, jam'iyyu na ƙasa baki ɗaya a maimakon na yanki, da gwamnatin da kowane sashe zai ga fuskarsa a ciki.

Wanda ya san halin da ake ciki a lokacin zai fahimci dalilin. Shekara biyar kacal da tsagaita wuta, kusan duk wanda ke ɗakin ya ga gawa ko ya rasa wani nasa. Darasin da suka ɗauka daga 1964 shi ne zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya, kuma firaministan da mazaɓa ɗaya tak ta zaɓa, ko ta Bauchi ko ta wani wuri, da wuya ɗan wani yanki ya ji nasa ne. Maganin da suka gani shi ne mutum ɗaya wanda ƙasar duka ce mazaɓarsa, wanda dole ya je Sakkwato ya je Kalaba neman ƙuri'a. Niyya ce mai kyau, kuma ta tsare mu daga wasu abubuwa. Sai dai tsoro ne ya riƙe alƙalamin, kuma mai tsoron wargajewa yakan tara komai a hannu ɗaya.

Akwai kuma kuɗi. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 1973, ma'aikata sun karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi da ariyas, babura da rediyoyi sun cika gari. Wani kawuna da ya yi koyarwa a wancan zamani har yau yana nuna mana keken ɗinkin da ya saya wa matarsa da ariyas ɗin, yana cewa lokacin ba wanda ke tambayar farashi. A irin wannan yanayi, tambayar nawa majalisu biyu da gwamnoni da ministoci da mashawarta za su ci ba ta da nauyi a bakin kowa. Jihohi ma an ƙara su daga 12 zuwa 19 a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala, Allah ya jiƙansa.

Kwamitin ya miƙa aikinsa a Satumbar 1976. Mutum biyu, Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba, sun ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton wanda ya fi karkata ga haƙƙin talaka, ba a kuwa ɗauki nasu ba. Daga nan daftarin ya tafi majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, wadda akasarin wakilanta kansilolin sababbin ƙananan hukumomi ne suka zaɓo su. Abin da ya fi cin ƙarfin majalisar shi ne taƙaddamar kotun ɗaukaka ƙarar Shari'a ta tarayya, har wakilai da dama suka fice daga zauren a Afrilun 1978. Batu ne mai girma, ba wanda zai raina shi. Amma a cikin ƙurarsa, maganar shugaba ko firaminista ta wuce ba tare da ta sha irin wannan zafin ba. Ba a kuma kai daftarin gaban talakawa su ce i ko a'a ba.

Tsarin bai daɗe ba ya fara nuna inda yake matsewa. An ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. To nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Sha biyu da ɗoriya. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya dab da kashi 20 cikin ɗari. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Satumbar 1979, kwanaki kaɗan kafin rantsuwa, cewa lissafin ya cika. A Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na PRP ya tarar da majalisa mai rinjayen wata jam'iyya, jihar ta zauna babu kwamishinoni, aka ƙare da tsige shi a Yunin 1981. A tsarin firaminista irin wannan turka-turka ba ta daɗewa, domin mai rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati tun farko.

Soja sun dawo a ƙarshen 1983, amma duk tsarin mulkin da aka sake rubutawa a kan wannan tubali aka ɗora shi. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi na ƙarshen 1998 ya ba da shawarar a koma wa na 1979 da 'yan gyare-gyare. An fitar da kundin 1999 a watan Mayu, bayan an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu. A cikinsa akwai sanatoci 109, wakilai 360, aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha cikin 36, da batutuwa 68 da aka keɓe wa tarayya ita kaɗai a lokacin. Kowane shugaba daga 1999 zuwa yau, mai tsauri da mai sanyi, wannan rigar ya tarar a rataye.

Masu ƙudirin 2024 sun ce 2031 suke hangen sabon tsarin ya fara aiki. Kafin nan sai sun samu kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24, kamar yadda sashe na 9 na kundin ya tanada, kuma sashen bai ce a tambayi jama'a ta ƙuri'ar raba-gardama ba.