Farfaɗo da tsohon talabijin mai bawul

Farfaɗo da tsohon talabijin mai bawul shi ne aikin maido da akwatunan talabijin da aka ƙera daga shekarun 1930 zuwa wajajen farkon shekarun 1970 bakin aiki, bayan sun daɗe a ajiye. Bawul 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, da siririyar waya mai yin ja idan ta ɗau zafi, kuma da ita ake ƙara ƙarfin sigina kafin zuwan tiransisto. Galibin masu wannan aiki masu tara kayan tarihi ne da gidajen adana su, musamman a Amurka da Ingila.

Tarihi

Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun ya ƙera kwalbar da daga baya ta zama fuskar talabijin a 1897. A 1904 John Ambrose Fleming na Ingila ya fito da bawul na farko, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata waya a ciki a 1906, wadda daga baya aka gano tana sa shi ƙara ƙarfin sigina. A ranar 2 ga Nuwamba 1936 BBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai daga Alexandra Palace da ke Landan, kuma tsarin haɗa hoto da layuka 405 da ta tsaya a kai ya ci gaba da aiki har zuwa Janairun 1985. Akwatunan da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu kaɗan ne suka rage, shi ya sa suka fi kowanne daraja.

Bayan yaƙin ne talabijin ya shiga gidajen jama'a. RCA 630-TS na 1946, mai fuska inci 10 da bawul 30, ya zama abin koyi ga kamfanoni da dama. A Ingila an san Bush TV22 na 1950, mai fuska inci 9, irin waɗanda mutane suka taru a gabansu don kallon naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953. RCA CT-100 mai kala ya fito a 1954 a kan dala 1,000. Akwai kuma Philco Predicta na 1958, wanda fuskarsa ke zaune a saman akwatin ana juya ta. Kyawunsa ya sa ake rububinsa, ko da yake ya yi suna wajen yawan lalacewa. Daga 1960, lokacin da Sony ta fitar da ƙaramin talabijin mai tiransisto, bawul ya fara ja da baya, amma an daɗe ana haɗa su biyun a akwati guda.

A Najeriya, gidan talabijin na WNTV ya buɗe a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, na Kaduna kuma a 1962. Akwatunan da aka fara kallo da su baƙi-da-fari ne, na zamanin bawul, kuma daga waje aka shigo da su.

Abin da ke lalacewa

Mutane kan ɗauka bawul ne ke fara mutuwa, amma sau da yawa ana samun sa lafiya lau bayan shekara sittin. Kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe cajin wuta, ita ce babbar matsala. Tsofaffin da aka yi da takarda da kaki suna tsotsar laima har wuta ta riƙa zurarewa ta cikinsu, manyan kuma ruwan cikinsu kan bushe. Rezisto na gawayi, mai rage gudun wuta, kan wuce ƙimar da aka rubuta masa. Robar da ta lulluɓe wayoyi kan bushe ta farfashe.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kada a jona tsohon akwati a wuta don a ga ko yana yi. Kafasita ɗaya da ta lalace tana iya ƙona taransifoma, ita kuwa ba a samun ta sai an ciro daga wani akwatin ko an sake naɗa ta da hannu.

Yadda ake aikin

Mai gyara kan fara da neman zanen da ke nuna yadda aka haɗa wayoyin, irin waɗanda kamfanin Sams ya fara bugawa a 1946. Sai ya gwada kwalbar hoto, wato fuskar talabijin ɗin, domin in ta mutu sauran aikin wahala ce kawai. Daga nan a share ƙura, a canza kafasitoci ɗaya bayan ɗaya, a auna rezistoci. Wutar farko a hankali ake ba da ita, ko dai da na'urar da ke ƙara ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan, ko a sa ƙwan lantarki a kan hanyar wutar: in ya haska sosai bai rage ba, akwai inda wayoyi suka haɗu. Saita hoto da murya shi ne na ƙarshe.

Kwalbar hoto

Nan ne aikin ya fi ban tausayi, don an daina ƙera irinta. Idan haskenta ya yi rauni akwai na'urar da ke ɗan farfaɗo da ita, sai dai tana iya ƙarasa ta gaba ɗaya. A da akwai kamfanonin da ke yanke wuyan kwalbar su sa sabuwar bindigar haske, wato sashen da ke zana hoto a fuskar, su sake zuƙe iskar. Hawkeye na jihar Iowa ya rufe a wajajen 2010, RACS na Faransa ya bi baya a wajajen 2013. Gidan tarihin talabijin na Hilliard a jihar Ohio ya karɓi wasu daga cikin injinan don kada sana'ar ta ɓace.

Haɗari

Wutar da ke shiga kwalbar hoto kan haura bolt 10,000 a akwatuna da yawa na baƙi-da-fari, ta kai kimanin 25,000 a mai kala, kuma kwalbar na riƙe caji bayan an kashe. Wasu akwatunan ƙarfen jikinsu a haɗe yake da wutar gida kai tsaye, sai an sa taransifoma ta raba su kafin a taɓa. Kwalbar kuma in ta fashe, gilashi take watsawa.

Saɓani

Wasu na ganin a canza duk abin da ya tsufa. Wasu kuma sukan ɓoye sabuwar kafasita cikin kwanson tsohuwar don kamannin asali su tsaya. Akwai gidajen tarihin da ba sa kunna akwatunan da ba su da na biyu sam.

Sigina

Amurka ta rufe tsohon tsarin watsa talabijin a manyan tashoshinta a 2009, Birtaniya a 2012. Yanzu sai an haɗa akwatin da ƙaramar na'ura mai mayar da hoton zamani zuwa siginar eriya, masu layuka 405 kuma suna buƙatar tasu na'urar daban.