Waiwaye: Daga fiffiken aron Gizo zuwa ramin zinari

Mutum na farko da na sani ya yi arzikin dare ɗaya ya wayi gari ba ko anini, Gizo ne. Kakata a Ƙaura Namoda ta sha yi mana tatsuniyar hankakin da suka ara masa gashin fiffike, kowa ɗaya, ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. Da isarsu, duk ɓauren da hankaka ya kai wa baki sai Gizo ya ce, "Ni na riga gani!" Da suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi bisa reshe, ruwa gaba ruwa baya. In ta kawo nan sai ta tsaya ɓantarar goro, ta bar mu muna ta ƙyaƙyata dariya.

Irin waɗannan tatsuniyoyi Frank Edgar, wani Baturen mulkin mallaka, ya buga tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga Lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa a lokacin. Ƙashin bayansu ɗaya ne. Dukiyar ta aro ce, tana tafe da sharaɗi, haɗama ce ke karya shi. Ko Ƙasimu ɗan'uwan Ali Baba, da ya zo mana daga Larabawa, tsabar ganin zinari ce ta mantar da shi kalmar buɗe kogo.

Abin da ke sauyawa shi ne inda kuɗin ke fitowa. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974 kan albashin ma'aikatan gwamnati, ma'aikata suka karɓi ariyas a dunƙule, aka shiga sayen babur da rediyo da ƙarin aure, kafin tsadar kaya ta lashe sauran. Daga nan mai ba da labari ya daina buƙatar aljani, akawun ofis ma ya ishe shi.

Da finafinan Hausa suka kankama bayan 1990, sai 'yan camama suka gaji Gizo. Baƙauye ya tsinci jakar kuɗi, ya ɗinka babbar riga, maroƙa na bin sa da "Allah ya ja zamanin Alhaji", kafin ƙarshen kaset mai jakar ya bayyana. Wasu kuma suka koma kuɗin boka. Ni dai waɗannan na ƙarshe ba sa burge ni, don tun fitowar bokan ka san yadda za ta kaya.

A Zamfara, dariyar ta tsaya ne a 2010. Farashin zinari ya tashi, mutanen Bagega da Dareta da 'Yargalma suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, ana daka a turmin hatsi, ana niƙa a inji, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Gubar dalma da ke cikin duwatsun zinarin ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Babu wanda ya faɗa wa iyayensu sharaɗin, balle a ce sun karya shi. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda 'yan bindiga.

Har yau, a teburin mai shayi a Gusau, za ka ji labarin "wani yaro" da rami ya fashe masa, ya sayi babura uku rana guda, yanzu yana tura baro a kasuwa. Ba wanda ya san sunansa, kuma garinsu na canzawa gwargwadon mai faɗa. Jiya na ji an ce ɗan Maru ne.