Shafi ya yi kyau a ido, amma makaho zai iya karanta shi?

Matasa da dama a Katsina sun koyi gina shafin intanet, suna yi wa makarantu da shaguna aiki. Ga tambayoyin da sukan yi idan aka tayar da maganar masu larurar gani.

In na ƙara wa rubutu girma da kauri, ai ya zama kanu, ko?

A idon mai gani kaɗai. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa allo da murya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA a kwamfuta. Manhajar ba ruwanta da girman harafi, alamar HTML (harshen da ake rubuta shafin intanet da shi) da ke ƙarƙashi take bi. In ka sa h2, ɗaya daga cikin alamomin kanu a HTML, za ta gaya masa cewa nan kanu ne, har ya riƙa tsallakawa daga wannan kanu zuwa wancan sai ya isa inda yake nema. In kuwa kauri kawai ka ba shi, dole ya saurari shafin tun daga farko, layi bayan layi, don ya samo ranar biyan kuɗin makaranta. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Maɓallin da na zana fa? Yana aiki in an danna.

In da div ka yi shi, wato alamar HTML da ba ta faɗin mene ne abu, mai amfani da madannai (kibod) kaɗai ba zai kai gare shi ba, manhajar kuma ba za ta ce maɓalli ne ba. Alamar button tana zuwa da duk wannan kyauta.

Jan launi bai isa ya nuna an rufe rajista ba?

Bai isa ba. Wasu ba sa bambance ja da kore, makaho kuma ba a karanta masa launi. Rubuta "an rufe". Haka jadawalin jarrabawa da ake ɗora hotonsa kawai: a wurin makaho babu komai a can.

To, a daina ado ke nan?

A'a. CSS, wanda ya fito a 1996, aikinsa ke nan. HTML ya faɗi mene ne abu, CSS ya ƙawata shi. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu larura amfani da intanet, sun nemi duk tsarin da ido ke gani ya kasance na'ura ma za ta iya gane shi, ko a bayyana shi a rubuce.

Yaya zan gwada nawa?

Kunna TalkBack a wayarka, ka rufe ido, ka nemi lambar wayar makarantar a shafin da ka gina.