Kare a Bakin Harsuna Daban-daban

Kare na daga cikin kalmomin da ake furtawa kusan iri ɗaya a harsunan da ba su haɗa kaka ba, amma kowane harshe da abin da yake nufi da ita. A arewacin Kamaru da Chadi ba sai an yi nisa ba kafin a ga wannan, domin a kasuwa guda ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Larabcin Shuwa da Faransanci.

In Bahaushe ya ce kare, dabbar nan mai haushi yake nufi. In ya ja wasalin farko kuwa, kalmar ta zama aikatau, kamar a addu'ar "Allah ya kare". A Fulatancin Adamawa, harshen kasuwa a Garwa da Marwa da Ngaundere, kare na nufin kaya, na sayarwa ne ko na tafiya, haka kuma yake a Barbarci. Baƙon da ya sauka a tashar mota a Garwa ya ji yaran mota suna ta ambaton kare, to ba dabba ake cigiya ba, buhuna da akwatuna ake ƙirgawa. Dabbar ita kanta Fulani "rawaandu" suke ce mata.

A Njamena, babban birnin Chadi, ma'anar ta sake sauyawa. An rarraba unguwannin birnin ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa "carré", da lambarsa da shugabansa, kuma da shi ake kwatancen gida. Wannan kalmar Faransanci ce mai nufin murabba'i, daga Latin "quadratus", wadda tushenta huɗu ne. Turkanci ya are ta da ma'anar murabba'in. A Japananci kuwa "kare" na nufin "shi", 'yan mata kuma kan kira saurayi da ita.

A rabe-raben harsunan Afirka da masanin harshe Joseph Greenberg ya fitar a 1963, Hausa na reshen Cadi, dangi ɗaya da Larabci, Fulatanci na dangin Neja-Kongo, Barbarci na dangin Nilu-Sahara. Me ya kawo kamannin ke nan? Wani aro ne, irin na Turkanci. Mafi yawa kuwa katari ne kawai: harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, baƙaƙe da wasulan da suke amfani da su 'yan kaɗan ne, don haka kalma mai gaɓa biyu dole ta yi karo da wata a wani wuri. Ferdinand de Saussure, masanin harshe ɗan Suwizalan, ya koyar da cewa babu abin da ya ɗaure sauti da ma'anarsa sai yardar masu harshen. Shi ya sa kuskure ne babba a ji kalmomi biyu sun yi kama a yanke hukuncin asali ɗaya gare su, ko da yake hirar tana da daɗi a majalisa.

Kalmomin goyo su ne suka fita daban. Masanin harshe Roman Jakobson ya bayyana a 1960 cewa sautukan leɓe irin "ba" da "ma" ne jariri yake fara iyawa, manya kuma su liƙa musu ma'ana. Baba uba ne a Hausa da Fulatanci da Yarbanci da Turkanci, amma a Rashanci mace ce, a harshen Jojiya kuma uba ake kira "mama".