Mene ne "dutsen kabari" a rumbun bayanai?

Ɗalibin kwamfuta a Wudil ko Dutse zai ci karo da wannan kalma (tombstone a Turance) da zarar ya fara taɓa Apache Cassandra, rumbun bayanan da aka ƙirƙira a Facebook, aka sake shi ga kowa a 2008. Dutsen kabari 'yar alama ce da ake rubutawa idan an ce a goge wani bayani: abu kaza ya mutu, a lokaci kaza. Bayanin kuwa yana nan daram, ba wanda ya taɓa shi.

Fayilolin irin wannan rumbu, da zarar an sauke su a faifai, an gama, ba a sake yi musu gyara. Gyara sabon rubutu ne, gogewa ma haka. In an zo karatu, wanda lokacinsa ya fi sabo shi ake ɗauka. Ga kuma kwafin bayanin, yawanci uku, a kwamfutoci daban-daban.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Ringim yana da yaran shago uku, kowa da littafin bashinsa. Manomi ya biya kuɗin takin da ya ɗauka ranar da ɗayansu ya tafi kasuwar Maigatari. In biyun suka yage shafin kawai, wancan zai dawo ya ga babu sunan a wajensu, ya ɗauka mantuwa suka yi, ya sa su kwafa. Bashi ya dawo, rigima ta tashi. Da sun rubuta "an biya" da kwanan wata, da shi ne zai gyara nasa. Aikin dutsen ke nan.

Sai lokacin haɗe fayiloli ake share bayanin da gaske, inda ake tara tsofaffi a fitar da sabo guda. Dutsen kansa Cassandra kan bar shi daƙiƙa 864,000, wato kwana 10, don kwamfutar da ta mutu ta dawo ta ji labari. In ta wuce haka sannan aka mayar da ita ba gyara, abin da aka goge sai ya farfaɗo.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki: ka goge, faifai ya ƙara cika. Karatu ma yana nauyi, tunda sai an tsallake duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa nake ganin gangancin mai goge-goge ba kai ba gindi a wannan rumbu. In tambaya ɗaya da aka yi wa rumbun ta ci karo da duwatsu fiye da 1,000, Cassandra na yin gargaɗi; ta haura 100,000, sai ya yanke ta.