Waiwaye: Yadda kujerar majalisar jiha ta zama wurin daɗewa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Katsina, sai gardamar ta dawo a majalisun hira: ɗan majalisar jiha da ya yi zango uku ko huɗu, a bar shi saboda gogewa, ko a karɓa a ba wata gunduma? Masu gardamar kan ɗauka daɗewar ta faɗo ne daga sama, alhali tana da tushe.

A Jamhuriya ta Biyu, 1979 zuwa 1983, wakilan ƙasar Katsina da Daura a Kaduna suke zama. An ƙirƙiro jihar ranar 23 ga Satumba 1987, majalisarta ta farko ta zauna a 1992, soja suka rushe ta a Nuwamban 1993. Wato kafin 1999 babu wanda ya sami sararin daɗewa. Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa gwamna zango biyu na shekara huɗu huɗu, amma bai sa wa ɗan majalisa iyaka ba. Kujeru 34 ne, daidai da yawan ƙananan hukumomi.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne zaɓen fid da gwani. Dokar zaɓe ta 2010, a sashe na 87, ta ba jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget, akasari kuma daliget aka riƙa bi. Ta 2022 ta ƙara masalaha a sashe na 84, da sharaɗin kowane ɗan takara da aka tantance ya sa hannu cewa ya janye. Sannan a zaɓen fid da gwanin 2022, daliget da aka zaɓo daga gunduma kaɗai suka jefa ƙuri'a, ban da shugabannin jam'iyya da masu muƙami da a da matsayinsu ke ba su dama.

A yi lissafi. Jihar na da gundumomi 361, yawancin ƙananan hukumomi goma ko sha ɗaya ke gare su. A 2022, wata jam'iyyar daliget uku uku ta ɗauka daga kowace gunduma, wata biyar biyar. Gunduma 11 sau biyar, mutum 55 ke nan; wanda ya riƙe 28 ya gama. A jihar da jam'iyya guda kan kwashe kusan dukan kujerun, waɗannan 28 sun fi dubban da za su yi layi cikin rana tasiri. Mai ci kuwa ya san su gida gida. Shekara huɗu yana zuwa sunansu da jana'izarsu, yana biyan kuɗin magani, yana kai buhun gero da azumi. Sabon shiga sai ana saura wata uku yake neman lambar wayarsu. A lokacin, ranar da ake fitar da sunayen daliget a gunduma, sau da yawa benci biyu ya ishi mahalarta, nan ne kuma ake yanke komai.

Ba a musun amfanin gogewa. Wanda ya ga kasafin kuɗi goma ya san inda aikin bara ke sake ɓullowa da sabon suna, ya san abin da zai tambaya a zaman kwamiti. Sai dai tsarin daliget ba wannan yake aunawa ba.

Hanyoyin gyara ma ƙunci gare su. Wanda aka sauya wa jerin daliget kwana 14 kacal yake da su ya shigar da ƙara, da yawa kuma kwanakin kan ƙare musu suna jiran sulhun dattawa. Kiranye, bisa sashe na 110 na tsarin mulki, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Daga 1999 zuwa yau ba a taɓa tsige ɗan majalisa ta wannan hanya ba a Najeriya.