Bakin teku a arewacin Norwe: me doka ta halatta wa baƙo?

A can ƙuryar arewacin Norwe, a yankin Finnmark, teku kan kutsa cikin ƙasa ta ratsa tsakanin duwatsu, irin mashigin ruwan da suke kira fiyod. Porsanger da Varanger na cikin manyansu. Gaɓarsu cike take da tsakuwa mai sulɓi, kuma mutum na iya wuni bai ga kowa ba. To filin wa ne, kuma wa ya ba baƙo izinin taka shi?

Amsar tana cikin dokar shaƙatawa a fili ta 1957, wadda ta rubuta wata tsohuwar al'ada da suke kira allemannsretten, haƙƙin kowa da kowa. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Akwai wadda ake nomawa ko ake zaune a kai: gona, lambu, harabar gida. Akwai kuma wadda ba a noma: daji, tsauni, fadama da mafi yawan gaɓar teku. Wannan ta biyun, ko da tana da mai ita, kowa na iya bi ta ciki da ƙafa, ya zauna, ya yi iyo, ya ɗaure kwalekwale na ɗan lokaci. Ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya ne. Mai fili ba shi da ikon kafa shinge ko allo don korar mutane ba bisa ƙa'ida ba, kuma wata doka daban ta hana gini a cikin mita 100 daga bakin ruwa sai da izini na musamman.

Kwana ma ya halatta. Ka kafa tantinka aƙalla mita 150 daga gidan da ake zaune, kuma kada ka wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba da yardar mai fili ba, sai dai idan wurin ya yi nisa ƙwarai da mutane. Haƙƙin na mai tafiya da ƙafa ne: dokar 1977 ta hana shiga irin wannan ƙasa da mota ko babur. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji ko kusa da shi, sai inda a bayyane yake ba za ta bazu ba. Kare kuwa dole ya kasance a ɗaure daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta, domin lokacin ne tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, wasunsu a kan tsakuwar kanta, kuma garken barewar da Samawa, wato al'ummar Sami 'yan asalin yankin, ke kiwo yana saukowa gaɓa da bazara.

Abin da ya fi damuna shi ne duwatsun. Mutane na ganin dutse dutse ne, sai su kwashi na kusa su jera tsibi don ɗaukar hoto. A Varanger wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan narkewar ƙanƙarar zamanin da, ƙasar ta riƙa ɗagowa a hankali, don haka tsofaffin gaɓoɓi yanzu suna can sama da ruwa, layi-layi. A cikinsu mutanen da suka gabata suka gina matsugunai, suka binne matattunsu. A Mortensnes, cikin gundumar Nesseby, akwai ɗaruruwan kaburburan Samawa a tsakanin duwatsu, kuma idon da bai saba ba ba zai bambance kabari da tarin dutse ba. Dokar kayan tarihi ta 1978 ta kare duk abin da ya girmi shekarar 1537, da kuma kayan tarihin Samawa na 1917 zuwa baya, ko an kafa musu alama ko ba a kafa ba. Wanda ya ɗauke dutse ɗaya daga irin wannan wuri ya taka doka, ya kuma taɓa makwancin kakan wani.

Kamun kifi da ƙugiya a teku kyauta ne, amma a kogi ko tafki sai ka sayi lasisi. Gundumomi kuma suna da ikon tsaurara sharuɗɗan kafa tanti inda baƙi suka yi yawa, wuraren da aka keɓe don kare halittu ma suna da nasu ƙa'idoji. Saboda haka a karanta allon da ke bakin hanya kafin a gangara gaɓa, kuma duk sharar da aka zo da ita a koma da ita.